Wane Shirin Tarihi Ya Fi Inganci Kan Iyalin Sarkin Rasha Na Ƙarshe?

Wanda ya shiga Netflix ko YouTube yana neman labarin Sarki Nikolas na Biyu, wanda 'yan Bolshebik suka harbe tare da matarsa Aleksandra da 'ya'yansu biyar a garin Yekaterinburg a 1918, zai tarar da shirye-shirye birjik, kowanne na bugun ƙirji cewa gaskiyar magana tana wurinsa. Lokaci ba zai bari a kalle su duka ba, data ma haka. Na raba su gida huɗu a nan, amma kafin a shiga cikinsu sai an san abin da za a auna su da shi.

Ma'aunan

Na farko, shekarar da aka yi shirin. Wannan labari ya canja sau biyu a zamaninmu. Nikolai Sokolov, mai binciken da sojojin da ke yaƙar Bolshebik suka naɗa bayan kisan, ya yanke cewa an ƙone gawarwakin ƙurmus a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, aka shekara saba'in ana yawo da wannan magana. A 1979 wasu mutum biyu, Aleksandar Avdonin da Geli Ryabov, suka gano kabarin a asirce a kan hanyar ƙauyen Koptyaki, suka ja bakinsu suka yi shiru har mulkin Sobiyet ya kusa faɗuwa. A 1991 aka tono gawa tara. Mutum goma sha ɗaya aka kashe, saura biyu ke nan, kuma wannan giɓin ne ya ci gaba da ciyar da jita-jitar cewa Anastasiya, ƙaramar 'yar sarkin, ta tsira. Sai a 2007 aka sami ƙasusuwan Yarima Aleksei, ɗan sarkin, da na ɗaya daga cikin yayyensa mata a wani rami kusa da na farkon. Don haka duk shirin da aka yi kafin 2007, komai kyawunsa, ƙarshensa ya tsufa.

Na biyu, daga bakin wa aka ji. Malamanmu ba sa karɓar ruwaya sai sun tambayi wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi, kuma irin wannan tambaya ce ke raba shirin kirki da na banza. Ɗauki mutuwar Rasputin, mai iƙirarin waliyyantaka da ya sami fada a wurin sarauniya Aleksandra, a Disambar 1916. Kowa ya san yadda ake ba da ita: an ba shi waina da giya masu guba ya cinye bai ko girgiza ba, aka harbe shi ya faɗi, ya miƙe ya shaƙe wanda ya harbe shi, ya fita tsakar gida da gudu, aka sake harbinsa, aka jefa shi kogi yana numfashi. Kusan duk wannan daga bakin makasan ya fito, wato Yarima Feliks Yusupov da ɗan majalisa Vladimir Purishkevich, kuma su ne mutanen da suka fi kowa buƙatar a yarda cewa shaiɗani suka kashe, ba baƙon da suka gayyata gida ba. Hotunan gawar kuwa rauni suke nunawa a tsakiyar goshi, na harsashi. Shirin da ya kawo labarin waina ya ce "in ji Yusupov" ya yi adalci. Wanda ya nuna shi kamar kyamara na wurin ya yaudare ka.

Na uku, hotunan. Iyalin sarkin mayun ɗaukar hoto ne, 'yan matan kansu suna da ƙananan kyamarorin Kodak, saboda haka hotunansu na gida suna da yawa kuma na gaskiya ne. Matsalar tana wajen juyin juya hali. Dandazon da ake nunawa yana kutsawa ƙofar Fadar Hunturu a 1917 daga fim ɗin daraktan Sobiyet Eisenstein ne da aka shirya shekara goma bayan abin ya faru. Sanannen hoton nan na sojoji a jere sun auna bindigogi kan taro a ranar Lahadin Jini ta 1905, shi ma an ciro shi ne daga wani fim ɗin Sobiyet na 1925. A nan dai gani bai kori ji ba.

Na huɗu shi ne ya fi nauyi a wurina: me aka ɗaga sama, me aka binne? Ana iya shirya awa shida babu ƙarya ko ɗaya a ciki, mai kallo ya tashi da fahimtar da ba daidai ba, saboda an ba Rasputin awa biyu an ba yunwa da yaƙi minti goma.

Bayan waɗannan sai kuɗi, sauƙin samu, da tambayar da kowane magidanci zai yi: za a iya kunna shi a falo?

Wasan kwaikwayo haɗe da masana: The Last Czars

Netflix ta fitar da shi a 2019, kashi shida. 'Yan wasa na taka rawa, a yanke, masanin tarihi irin Simon Sebag Montefiore ya yi bayani, a koma wasa. Shi ya fi sauran daɗin kallo nesa ba kusa ba, kuma ƙashin bayan labarin daidai yake: naɗin sarauta a 1896, turmutsitsin filin Khodynka inda gwamnati da kanta ta ƙirga gawa 1,389, zuwan sarki liyafar jakadan Faransa a daren ranar, yaƙi da Japan, ciwon rashin daskarewar jini na Aleksei, murabus a cikin jirgin ƙasa a Pskov a Maris 1917.

Kuskuren da ya fi jawo masa dariya a Rasha shi ne nuna dandalin Red Square na Mosko a matsayin 1905 alhali ginin kabarin Lenin na tsaye a ciki, mutumin da bai mutu ba sai 1924. Abin kunya ne, amma ba shi ne abin tsoro ba. Irin wannan kuskure kowa na iya kama shi, kuma ba ya canja wa kowa fahimta. Masu ƙorafin cewa sarki da sarauniya na Turanci da juna ma sun yi gaggawa: Aleksandra jikar Sarauniya Biktoriya ce ta Ingila, kuma da Turanci suke rubuta wa juna wasiƙa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɗakin kwana. Duk hirar da aka nuna tsakanin mutum biyu a rufe, marubucin shirin ne ya ƙirƙira, amma da yake masani na gaskiya ya yi magana minti ɗaya kafin ta, sai ƙirƙirar ta ari mutuncinsa. Mai kallo ba shi da hanyar gane inda takarda ta tsaya, inda alƙalamin marubuci ya ɗauka. An nuna Rasputin cikin baɗalar wata ƙungiyar asiri da ake kira Khlisti, alhali hukumomin coci a Tobolsk sun bincike shi kan wannan zargi ba su tabbatar ba. Mutumin mashayi ne mai bin mata, wannan rahotannin 'yan sandan da ke bibiyarsa sun nuna, amma shi ba limamin coci ba ne, ba rahibi ba ne, baƙauye ne daga Pokrovskoye mai mata da 'ya'ya. An kuma ɗora dukan shirin a kan ziyarar da malamin yaran, Pierre Gilliard, ya kai wa matar nan da ke iƙirarin ita ce Anastasiya a Balin. Ziyarar ta faru a 1925, amma jan ran mai kallo da tambayar da aka rufe tun 1994 dabarar kasuwa ce.

Kuɗi: biyan wata na Netflix, ga data. Kamfanin da kansa ya ce awa ɗaya na cin har gigabait 1 a matsakaicin hoto, har 3 a hoto mai tsabta, shirin kuma ya haura awa huɗu. Akwai tsiraici a fili tun daga kashin farko. Ba na falo ba ne.

Salon BBC: mai gabatarwa da takardu

Biyu ne suka fi shahara. Empire of the Tsars na 2016, wanda Lucy Worsley ta gabatar cikin kashi uku, ya bi gidan Romanov, gidan sarautar da Nikolas ya fito, tun daga 1613, don haka Nikolas wani yanki na kashin ƙarshe kawai ya samu. Russia's Lost Princesses na 2014, kashi biyu, ya tsaya kan 'yan matan huɗu: Olga, Tatiyana, Mariya da Anastasiya.

Ƙarfin wannan salo shi ne yana nuna maka hannunsa. Ana karanto wasiƙa a faɗi wanda ya rubuta, ana tsayawa a ɗakin da abin ya faru a Tsarskoye Selo, garin da iyalin suka zauna, masani ya ce wannan mun sani, wancan hasashe ne. Da yake duka biyun bayan 2007 aka yi su, ƙarshensu bai tsufa ba. Na 'yan matan ya yi wani aiki da ba kowa ke yi ba: ya raba su ɗaya-ɗaya maimakon jerin fararen riguna huɗu, ya nuna manyan biyun suna aikin jinyar sojoji a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Rauninsa tausayi ne. Wanda ya zauna awa biyu da wasiƙun yara zai manta dalilin da ya sa talakawan Rasha suka laƙaba wa ubansu "mai zubar da jini". A Lahadin Jini gwamnati ta amsa mutuwar mutum 130, 'yan adawa suka ce dubbai ne. Sarkin ba ya fadar a ranar, amma sojojinsa ne. Ya amince da kafa majalisar Duma bisa tilas, ya rushe ta farko a 1906, ya rushe ta biyu a 1907. A 1912 sojoji sun buɗe wa ma'aikatan haƙar zinariya wuta a kogin Lena. Uba nagari ne, miji nagari, sarki kuma mai taurin kai da ya yi imani Allah ne ya ɗora masa mulkin da ba ya raba shi da kowa. Shirin da ya nuna rabin farko kaɗai bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba.

Akwai gwaji ɗaya da nake yi wa duk shirin Birtaniya: yaya ya bi da Sarki Joji na Biyar? Gwamnatin Birtaniya ta amince a ba iyalin mafaka a 1917, sai Joji, wanda mahaifiyarsa da ta Nikolas uwa ɗaya uba ɗaya suke, ya matsa aka janye tayin don tsoron abin da ma'aikatan ƙasarsa za su ce. An daɗe ana ɗora wa firaminista Lloyd George laifin kafin wasiƙun sakataren sarkin, Lord Stamfordham, su fallasa yadda aka yi. Kada kuma a ɗauka tambarin BBC hujja ne: a 2004 wani shirinta ya kawo hasashen cewa jami'in leƙen asirin Birtaniya Oswald Rayner, abokin Yusupov tun suna Oxford, shi ya yi harbin goshin nan. Hasashe ne har yau, amma ya yaɗu kamar tabbas.

Samunsu a wajen Birtaniya shi ne aiki, don manhajar iPlayer ta masu zama can ce. Kwafin da mutane ke ɗorawa a intanet yau yana nan, gobe an sauke, wani lokaci a guntule.

Waƙa a bakin mai ita: The Romanovs na Star Media

Kamfanin Star Media ya yi shi a 2013, lokacin cikar shekara 400 da hawan gidan Romanov karaga. Kashi takwas ne, yana YouTube kyauta da muryar Turanci. Mai ba da labari ne ke magana, 'yan wasa na wucewa, taswira da alƙaluma na fitowa. Wajen tufafi, sunaye, muƙamai da gine-gine, ya fi na Turawan Yamma kiyayewa, kuma ba za ka ga kabarin Lenin a inda bai dace ba. Shi ne kuma zai fahimtar da kai cewa Nikolas gadon wani tsari ya yi: kakansa Aleksanda na Biyu ya 'yanta bayin gona a 1861, aka kashe shi da bam a 1881, ubansa ya ɗauki darasin cewa sassauci halaka ne, ɗan ya ɗora daga nan.

Sai dai shekara ɗari uku cikin kashi takwas gudu ne, Nikolas a ƙarshe ya zo an gaji. Kuma a ganina yana tausasa wa karaga murya. Ya kamata mai kallo ya san ƙasar da aka yi shi, wato Rasha: a 2000 Cocin Orthodox na Rasha ya sanya iyalin cikin waliyyai, an gina babban coci a inda gidan Ipatiev, wanda aka kashe su a ciki, yake, gidan da aka rushe a 1977 lokacin Boris Yeltsin na shugaban jam'iyya a lardin, kuma a 2008 Kotun Ƙolin Rasha ta ayyana su a matsayin waɗanda aka zalunta don siyasa. Tsohon salon Sobiyet ya mai da sarkin azzalumi zalla, sabon ya karkata ɗaya ɓangaren.

Shirye-shiryen ƙashi da jini

Waɗannan su ne irin na National Geographic da makamantansu, masu bin diddigin kabari da gwajin ƙwayoyin halitta. Fagensu ƙunci ne, amma a cikinsa babu mai ja da su, don abin da suke faɗa ana iya sake aunawa.

Daren 16 zuwa 17 ga Yulin 1918, kwamandan gidan, Yakov Yurovski, ya sa likita Botkin ya tashi iyalin da cewa gari ba lafiya, za a sauya musu wuri. Aka sauko da su wani ƙaramin ɗaki a ƙasa, Nikolas na ɗauke da Aleksei don ba ya iya tafiya. Aleksandra ta nemi kujera, aka kawo. Tare da su akwai likitan, da mai aikin ɗaki Anna Demidova, da hadimi Trupp, da kuku Kharitonov; yaron kicin kaɗai aka sallama tun kafin lokacin. Yurovski ya karanta hukunci cikin 'yan kalmomi, aka buɗe wuta. Hayaƙi ya cika ɗakin har maharban ba sa ganin gabansu, harsasai kuma suka riƙa turjewa a jikin 'yan matan saboda duwatsu masu daraja da suka ɗinke cikin rigunansu na ciki, sai da aka koma ga wuƙar bakin bindiga. Shirin kirki zai gaya maka cewa wannan bayani daga rubutun Yurovski da na sauran maharban ya fito, cewa sun saɓa wa juna a wurare, har kowannensu na iƙirarin shi ya harbi sarki, kuma ƙasusuwan ne suka zo suka gaskata gundarin maganar.

Gwajin farko Peter Gill na Birtaniya da Pavel Ivanov na Rasha suka yi, suka gwada da jinin Yarima Filip, mijin Sarauniya Elizabet, wanda kakarsa ta wajen uwa yayar Aleksandra ce. Don kawar da shakku kan sarkin, aka tono ƙanensa Georgi a 1994, aka sami wata alama da ba a cika gani ba a jikin su biyun. A shekarar ne kuma gwaji ya nuna Anna Anderson, matar nan ta Balin, wadda ta mutu a 1984 tana cewa ita ce Anastasiya, ma'aikaciyar masana'anta ce mai suna Franziska Schanzkowska. An binne gawa taran a Saint Petersburg ranar 17 ga Yulin 1998. Cocin bai gamsu ba, aka sake buɗe bincike a 2015, hukumar binciken Rasha ta sake tabbatar da sakamakon a 2018.

Abu biyu suka rage a buɗe, kuma da su za ka gane mai gaskiya. Wace ce aka samu tare da Aleksei, Mariya ko Anastasiya? Masanan Rasha sun ce Mariya, na Amurka suka ce Anastasiya, amma lissafin ya cika ko ta yaya. Sannan Lenin ne ya ba da umarni? Babu takarda mai sa hannunsa. Akwai abin da jigon Bolshebik Trotsky ya rubuta a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum a 1935, cewa Sverdlov, na hannun daman Lenin, ya gaya masa a Mosko aka yanke. Duk shirin da ya nuna Lenin na furta umarnin ya wuce abin da ke hannu.

Rauninsu a bayyane yake: za ka san yadda aka mutu, ba za ka san dalilin faɗuwar daula ba.

Gajerun bidiyon minti goma masu taken "sirrin da aka ɓoye" ban sa su a layi ba. Can ne ake raya Anastasiya, can ne ake maimaita tsohuwar ƙaryar cewa kisan tsafi ne na Yahudawa. Ko ranaku ba sa daidaitawa, don ba su san Rasha na kan tsohuwar kalanda mai bambancin kwana 13 har Fabrairun 1918 ba, shi ya sa juyin "Oktoba" ya faɗo a Nuwamba.

| Shiri | Kuɗi | Jure zamani | Sauƙin kallo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| The Last Czars, 2019 | Biyan wata da data mai yawa | Matsakaici | Mafi sauƙi | Ƙirƙira ta gauraya da gaskiya; tsiraici |
| Na BBC, 2014 da 2016 | Ba tsada, samu ne wahala | Mai kyau | Sai mai jin Turanci sosai | Tausayi ya rufe siyasa |
| Star Media, 2013 | Data kaɗai | Mai kyau | Bayani da yawa, da sauri | Sassauta wa sarauta |
| Na binciken gawa | Ya danganta da tasha | Mai ƙarfi in bayan 2007 ne | Sauƙi, amma akwai ƙasusuwa | Ƙuncin fage. Tsofaffin sun tsufa |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda bai san komai ba kuma yana son labarin ya kama shi, babba ne, shi kaɗai zai kalla, ya fara da na Netflix, da sharaɗin ya riƙe maganar masana ya saki hirar 'yan wasa. Ɗalibi mai jarrabawa ko mai rubutu kan juyin juya halin 1917 ya tsallake shi gaba ɗaya, ya ɗauki na Star Media don jerin sarakuna da shekaru, ya ɗora kashin ƙarshe na Lucy Worsley a kai. Inda biyun suka saɓa, nan ne zai buɗe littafi. Malamin da zai nuna wa aji, ko mai son kallo da iyali, na 'yan matan huɗu ya fi dacewa, amma ya tanadi bayanin Khodynka da Lahadin Jini da kansa. Wanda gardamar Anastasiya ce ta kawo shi, shiri ɗaya na binciken gawa ya ishe shi, ya duba shekarar kawai kafin ya danna. Mai ƙaramar data kuwa ya sauke kashi na takwas na Star Media a ƙaramin hoto, ya bar sauran sai ya sami wayfai.